Ɓangaren Babba

Zuwa ga Kawuna,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Inna da yara. Ya ciwon gwiwa? Allah ya ƙara sauƙi.

Saƙo ya iso, taransifoma da wayar hita, har da abin rage gudun fanka da ka ce a daidaita zafi da shi. Na gode, Kawu, Allah ya bar zumunci. Na haɗa katako uku kamar bakan maharbi yadda ka zana, na ɗaure wayar, na sa sifirin, ƙarfen nan mai miƙewa ya koma, don kar ta saki idan ta yi zafi. Tana ratsa farin soson nan na kwalin firji kamar wuƙa a sabulu. Na ƙona yatsa, amma ka san ni da rawar kai.

Sai dai labarin bai yi daɗi ba. Ka san tun da ɓarin jikin Baba ya shanye bai ƙara taɓa ƙananan jiragen saman da yake ƙerawa da soso ba, domin wuƙa ta fi ƙarfin hannunsa. Shi ya sa na dage da wannan abin. Yankan fiffike aikin mutum biyu ne, kowa ya riƙe ƙarshen baka ɗaya yana bin gefen samfurin fiffiken da aka yanka da falanki, a tashi tare, a sauka tare. Na ba shi gindin fiffiken mai faɗi, ni na ɗauki tsinin. Hannunsa na tafiya a hankali, ni kuwa nawa ɗan guntu ne, sai in tsaya jiransa, wayar ta yi ta cin soso a wurina. Duk wanda muka yanka sai ya fito da rami.

Jiya ya ajiye bakan. Daga baya ya ce in tattara kayan aikinsa in ba duk mai so. Har haƙuri ya ba ni, wai ya ɓata mini soso. Kawu, Baban da ke sa a sake goge katako saboda ƙaya ɗaya, yau shi ke ba ni haƙuri. Tsoro nake ji.

Ka gaishe da kowa.

Taka,
Auta

Zuwa ga Kawuna,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka da ta iyali, amsarka ta same ni, kuma na sha dariyar kaina har da riƙe ciki. Gaskiyarka ne, ladabi ne ya ɓata mana aiki. Ni a ganina babban ɓangare na babba ne, ina ni ina miƙa wa mahaifina ɗan tsini? Ban taɓa lura cewa mai faɗin shi ke da doguwar tafiya ba, shi ke son mai sauri, tsinin kuma yana son hannun da ba ya gaggawa.

Shawo kan Baba ya fi haɗa injin wuya. Sai da na yi masa ƙaryar cewa so nake in gwada wayar kafin in bayar, ya taimaka ya riƙe mini ɗaya gefen. Ya zauna yana kallon taga. Na ba shi tsinin, ni na ɗauki gindin, na rage zafi kamar yadda ka ce, muka fara. Hannun nan da yake ɓoyewa a aljihu idan an yi baƙi ya bi samfurin sannu a hankali, ko rawa bai yi ba. Da muka ɗaga soson, fiffike ya fito sumul, sai ɗan tudu guda.

Ya jujjuya shi a hasken taga, ya shafa tudun da babban yatsa. A ɓangarena yake. Kawu, sai ga Baba ya haɗe gira! Ya yi mini tatas, wai idona na kan fuskarsa maimakon kan aiki, wai wannan ko a kwandon shara abin kunya ne, in ɗauko wani soson yanzun nan a sake.

Na shiga ɗakin ajiya ɗauko soson, na tsaya bayan ƙofa na yi kukana son raina. Ban san bakin da zan gode maka ba. Zan tsaya nan, domin ga shi can yana ƙwala mini kira, wai na cika nawa.

Allah ya saka maka da alheri, ya ja kwana.

Taka har kullum,
Auta