Kuɗina Na Barci a Bankinku, Murhun Bandata Ya Huce

Zuwa ga Mai Girma Manajan bankin da ya ba ɗana bashin gida a Yelwa.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, ina gaida iyali. An ce mini ba ka girmi babban jikana ba, to ka zama mijina na wasa, sai ka yi haƙuri da bakin tsohuwa. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, in ka ga rubutu ya karkace, maganar dai a miƙe take.

Ni mai bandar kifi ce a Wara, tun kafin a haife ka. Ɗana Sahabi malamin makaranta ne, shi kunka ba bashi ya sayi ɗaki uku a Yelwa. Bara bayan girbi ma'aikacinku mai sheƙin takalmi ya kawo mana sabon tsari. Ya ce duk abin da iyali sunka ajiye a asusun da anka haɗa da bashin, sai a cire shi daga bashin kafin a lissafa kuɗin ruwa. Kuma kuɗin namu ne, ranar da muke so mu ɗauka. Na ji daɗi, don duk abin da zai rage kuɗin ruwa a wuyan ɗana ya rage masa nauyi nan da gobe kiyama. Na sayar da awakina, na kwashi adashena, na haɗa da jarin kifi, naira dubu ɗari takwas cif, na miƙa.

Ga abin da ya biyo baya.

Na ɗaya. Yaronku bai yi ƙarya ba, ban ɗora masa ba. Ana rage wa Sahabi wajen dubu goma sha uku a wata. Amma ranka ya daɗe, kwando biyu na tarwaɗa kan ba ni abin da ya fi haka in kasuwa ta yi kyau.

Na biyu, kuma nan ne ciwon. Ya tambaye ni nawa gare ni, bai tambaye ni aikin me kuɗin ke yi ba. A bakin ruwan nan ba a sayen kifi da kuɗin ranar. Tun kafin lokacin kamu kake ba masunci kuɗin koma, wato ragar kamun kifi, da man inji, matarsa ta haihu ka taimaka, jirginsa ya tsage ka sayi ƙusa. Shi kuma duk abin da ya kamo, kwandonka zai fara cikawa. Haka muke da Ɗanjuma masunci tun yana saurayi. Bana ya zo neman kuɗin koma kamar kullum. Na duba, in na ciro, albashin Sahabi zai ji a jikinsa, ga matarsa da tsohon ciki. Sai na ce ya dakata. Shi ko kifi ba ya dakatawa. Kulu maƙwabciyata, wadda ni na koya wa juya kifi a kan wayar murhun banda, ita ta ba shi. Yanzu jirginsa in ya taso, gabanta yake tsayawa. Yakan gaishe ni har ƙasa, ya wuce da giwan ruwa a kafaɗa.

Na uku. Kuɗin suna nan, ko kwabo bai ɓata ba, ana turo mini saƙo a waya in gani in yi murna. Sai dai abin da na samu a akuya uku, yau ko biyu ba zai saya ba. Su kuwa awakin suna can Shanga suna haihuwa a gidan wani. Kuɗin da ke wurinku kuwa ko tari ba su yi.

Za ka ce in zo in ɗauki abina. In kai wa wa? Masuntan kirki duk an riga an ɗaure su, kuma mutum ba ya barin wadda ta tsaya masa don wadda ta ce ya dakata. In na ciro, bashin Sahabi ya koma da nauyinsa, ni kuma babu kifin da zan cike masa giɓin. In na bari, ina zaune ina ƙirga jiragen mutane. Na auna ta kowane gefe, ban ga inda zan fita ba.

Don haka roƙona ba na kuɗi ba ne. Wannan tsari na masu albashi ne da kuɗinsu ke kwance ba aikin yi, ku faɗa wa mutane haka ƙarara. Kafin ku karɓi ajiyar mai banda ko mai albasa, ku tambaye ta wa ke jiran kuɗin nan. Kuma ka turo yaron nan Wara ranar kasuwa, ya cire takalmin, ya tsaya inda jirage ke sauke kaya har hantsi. Ba zan zage shi ba, fura ma zan dama masa.

In ya zo zan nuna masa murhun bandata. Kazar Kulu ce ke kwanci a ciki, ban kore ta ba, gara a ce wani abu na fitowa daga wurin.

Allah ya ƙara maka girma, ya raya maka zuri'a, ya sa ka tsufa da sana'arka a hannunka.

Wassalam.

Taka,
Inna mai banda, Wara.