Inda Farar Ƙwallo Ta Tsaya

Lahadi, 2 ga Yuni, 2024

Bayan sujada na wuce rumfar Osita, bayan gidajen 'yan reluwe, kamar kowace Lahadi. Na ci shi sinuka, wasan nan na buga ƙwallaye da sanda a kan tebur, har ya jingine sanda ya ce bayansa na ciwo. Samarin benci sai ihu suke duk sanda na fasa ƙwallaye. Na kusa sittin, amma har yau idan na saki sanda ana jin ƙarar daga bakin titi. Tun ina saurayi ban ga wanda ya tsaya gabana a Kafanchan ba. Ba fahariya ba ce. To, ko ma ita ce, ai ni kaɗai zan karanta.

Osita abokina ne tun muna yara, babansa ya zo daga Gabas yana tuƙa jirgin ƙasa. Teburin nasa ne, amma wasansa kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Maimakon ya jefa ƙwallo a rami, sai ya lallaɓa farar ƙwallon da ake bugu da ita ya ɓoye ta bayan wasu don ka rasa hanya. Na ce masa wannan wasan matsorata ne. Ya ce, "Meshak, kai ƙwallo kake bugawa. Ni mutum nake bugawa."

Shi ne ya gaya mini wani mai otal zai shirya gasa a wata mai zuwa. Wanda ya ci, shi zai wakilci yankinmu a Kaduna.

Laraba, 5 ga Yuni

Na rufe shagon citta da wuri na je na sa sunana. Mai rubutawa bai ma tambaye ni sunan ba.

Asabar, 8 ga Yuni

Zipora ma ta sa sunanta! 'Yata ta fari, malamar firamare, ita kaɗai mace a cikin maza. Ni na koya mata riƙe sanda tun haɓarta ba ta kai bakin tebur ba.

Matata Emilia ta tayar da hankali. "Baban Zipora, kana ji kana dariya? 'Yar da ke cikin mawaƙan coci za ta je otal tana sunkuyawa gaban maza? Me zan gaya wa matan zumunta?"

Na ce ta bar ta. Za a fitar da ita a zagayen farko, ta dawo gida ta ci tuwo. Amma a raina na ji daɗi. Jinina ne.

Talata, 11 ga Yuni

Ashe tun bara Zipora take zuwa wurin Osita bayan an tashi makaranta. Emilia ce ta faɗa da bakinta, cikin faɗa. Kowa ya sani ban da ni.

Na je da yamma, na tsaya bayan bishiyar mangwaro. Ba wasa suke ba. Osita ya ajiye marfin kwalba a kan tebur, ita kuma ta bugi wata ƙwallo, sai farar ta gangaro ta tsaya kusa da marfin. Ya matsar da shi wani wuri. Ta sake. Ko kallon rami ba sa yi. Na ji yana cewa, "Kowane yaro zai iya saka ƙwallo ɗaya. Ina farar zai tsaya bayan nan, shi ne magana."

Na juya ban yi sallama ba. Tana da uba irina a gida, ta je koyon tafiyar hawainiya.

Lahadi, 16 ga Yuni

Na kira ta tebur a gaban kowa. Na ci. Amma ban ji daɗin cin ba.

A wasan ƙarshe baƙar ƙwallo, wadda ake rufe wasa da ita, tana bakin rami, ko Emilia za ta saka ta da muciya. Zipora ta buga ta kauce. Na ga yadda ta karkatar da kafaɗa. Ni na san kafaɗar nan.

A hanyar gida na ce, "Kin bar mini."

Ta ci gaba da tafiya.

"Da ke nake magana."

"Baba, samari suna kallo."

Na tsaya a tsakiyar hanya har wani ɗan acaba ya zage ni. Na ce mata ni ba na karɓar sadaka a kan tebur. Idan ta sake yi mini haka, kada ta ƙara gaya wa kowa ni na koya mata. Ta ce, "Yi haƙuri, Baba." Tausayin da na gani a idonta shi ya fi yi mini ciwo. Tun yaushe take jin tausayina?

Alhamis, 20 ga Yuni

Ina kwana, lafiya. Iyakar maganarmu ke nan.

Lahadi, 23 ga Yuni

Wani saurayi ya tambaye ni yau me ke sa mutum ya zama gwani. Na ce ido da hannu da zuciya. Ka ga layin, ka yarda da shi, ka buga ba tare da ka tambayi kowa ba. Na ba su labarin mutumin Jos da ya zo lokacin bikin Kagoro da sandarsa a cikin jaka kamar bindiga, na kore shi kafin ya gama lemonsa. Sun sha jin labarin, amma sun yi dariya.

Osita yana goge ƙyallen tebur da dutsen guga saboda danshin damina, bai ɗaga kai ba ya ce, "Ka manta kujera. Gwani ya iya zama a kujera lokacin da wani yake buga."

Ni ban saba zama ba.

Asabar, 6 ga Yuli

An fara gasa. Mutane daga Kwoi, Zonkwa, Kagoro, har Kagarko. Ruwa kamar da bakin ƙwarya, kwanon zauren yana ta ruri. Na ci duk waɗanda aka haɗa ni da su. Hannuna yana nan.

Amma abin da nake son rubutawa daban ne. An haɗa Zipora da wani ƙato daga Kwoi. Ya dubi alƙalin wasa ya ce, "Oga, ni da mace? Ku ba ni mutum mana." Zaure ya fashe da dariya. Na miƙe, Osita ya riƙe mini riga.

Zipora ta matsa kusa da tebur. Ta ɗauki ƙwallo ɗaya ta gangarar da ita da hannu daga wannan gefe zuwa wancan, tana kallo. Sai daga baya na gane: tana auna yadda danshi ya sa ƙyallen nauyi. Ni ban taɓa yin haka ba a rayuwata. Ta shafa alli a bakin sanda, ta fara. Mutumin Kwoi ya fi daɗewa a zaune da a tsaye. Da ta gama ta ce masa, "Sannu da ƙoƙari, yayana."

Na ji bakina yana gaya wa wanda ke kusa da ni, "'Yata ce." Ban ma san shi ba.

Mu huɗu muka rage. Asabar mai zuwa, wasan kusa da na ƙarshe: ni da Zipora.

Laraba, 10 ga Yuli

Emilia ta ce ɗaya daga cikinmu ya janye. "Idan ka ci ta, za a ce ka danne 'yarka. Idan ta ci ka, da wane ido za ka shiga kasuwa? Kai ne babba, ka ce ƙafarka na ciwo." Na ce ƙafata lafiya lau.

Da safe Zipora ta kawo mini kunu, ta tsaya a bakin ƙofa da jakar makaranta.

"Baba, da gaske kake so in buga?"

"Da dukan ƙarfinki."

"Ko me ya faru?"

"Ko me ya faru. Ni ma ba zan raga miki ba."

Ta yi murmushi. Rabon da in ga haƙoranta tun wancan watan.

Asabar, 13 ga Yuli

Bari in rubuta shi yadda ya faru, kada gobe in gyara wa kaina.

Na ci wasan farko da fasawa ɗaya mai kyau, ban ba ta sanda ba sai sau ɗaya. Zaure ya ɗauka. Na ce a raina, to, yarinya, ga uban naki.

Daga nan ta rufe mini ƙofa. Duk sanda na tashi, sai in tarar da farar a maƙale bayan ƙwallonta, ko manne da bango, ba abin da nake gani sai hanya mai nisa. Na buga, na kuskure, na zauna. Na tashi, haka. Muka yi kunnen doki, saura wasa ɗaya.

A na ƙarshen ina gaba. Saura mini ƙwallo ɗaya kafin baƙar. Ita tana da wadda za ta iya sakawa, kowa ya gani, amma ba ta saka ba. Ta taɓa ta a hankali, farar ta tafi kamar mai sanɗa ta kwanta bayan nata guda biyu. Wani ya yi tsaki. Ni jinina ya hau. Na san abin da ya kamata: in taɓa a hankali ni ma, in jira. Na sani sarai. Amma samarin benci suna kiran sunana. Na saki sanda da ƙarfi. Farar ta daki bango, ta daki wani, ta faɗa rami.

Na zauna. Na kalli 'yata tana kwashe tebur. Ba ƙara, ba gaggawa. Kowace ta saka, farar tana zuwa ta tsaya daidai inda ta gaba ke jiranta, kamar an aike ta. Da ta zo kan baƙar sai ta dakata. Ta ɗago ta dube ni.

Na ce da ƙarfi, "Me kike jira? Buga mana!"

Ta saka.

Kafin ihu ya lafa ta ajiye sanda ta zo ta durƙusa a gabana, a kan simintin nan mai jiƙe. Na ɗaga ta. Na gyara mata wuyan riga.

Wasan ƙarshe da yamma, ita da Jamiluddeen, mai gyaran waya daga Kagarko. Yaron gwani ne, ba ya magana, ba ya fushi, ya san ɓoyon farar kamar ita. Na zauna kusa da Osita. Karon farko ke nan da na kalli wasa tun daga farko har ƙarshe ba tare da ina jiran a ba ni sanda ba. Osita yana raɗa mini, "Duba idonta. Ba wannan take kallo ba, na uku a gaba take kallo." Da Jamiluddeen ya wuce ta, na lura ba ta motsa a kujera ba. Hannu a cinya, tana kallon tebur kamar tana duba aikin 'yan aji. Ni da tuni na fara zagaye.

Ta kamo shi. A wasan yanke hukunci ya bar mata baƙar can ƙarshen tebur, farar a nan ƙarshen, ba wurin ɓoyo, ba dabara. Idan ta kuskure, ya ci. Ta zagaya sau ɗaya. Ta buɗe ƙafa, ta sauke haɓa kan sanda, ta ja hannu baya sosai.

Ƙarar da ta fita! Na rantse an ji ta a bakin titi.

Osita ya dafa gwiwata ya ce, "Wannan ba nawa ba ne. Naka ne."

Jamiluddeen ya zo har inda nake, ya gaishe ni da hannu biyu. "Baba, ni ban ji kunya ba. Ta san lokacin jira, ta san lokacin duka. Ni ɗaya kawai na iya." Yaro mai tarbiyya. Ban gaya masa ni ma ɗaya na iya ba.

Litinin, 15 ga Yuli

A kasuwa masu ɗaukar buhu sun fara tsokana, wai yarinya ta kwantar da ni. Na ce ƙwarai, kuma duk wanda ya isa ya je ya gwada ta. Na ba da labarin baƙar ƙwallon nan har muryata ta dushe, ban sayar da abin kirki ba.

Matan zumunta sun zo barka. Ina ɗaki ina jin Emilia tana cewa, "Ai tun tana ƙarama na san hannunta daban ne." Emilia!

Alhamis, 18 ga Yuli

Kaduna farkon wata mai zuwa. Ni zan raka ta. Osita ya ba ta mabuɗin rumfa ta riƙa zuwa da sassafe kafin makaranta.

Litinin, 22 ga Yuli

Na bi ta rumfar yau da safe. Tana bukatar mai jera mata ƙwallaye, shi ke nan dalili.

Da ta huta na ɗauki sanda, haka kawai. Na tambaye ta yadda take sa farar ta dawo da baya bayan ta daki wata. Tambaya ce kawai. Ta zagayo ta sauke mini hannun hagu ƙasa, ta taɓa gwiwar hannuna ta ce, "Baba, ka riƙe sanda kamar za a ƙwace maka. Sassauta." Na sassauta. Ta ce in ƙara. Na buga, farar ta tsaya cak. Na sake, na sake. Can sai ta dawo, kamar taki ɗaya na yaro.

"Yawwa," in ji ta, da irin muryar da take yi wa 'yan aji ɗaya.

Ba wai zan canza salona ba ne a wannan shekarun. Ina taya ta shiri ne.

Ta ce gobe in zo da wuri, yau na makara.