Layin bulo uku da kika ce a ƙara

Zuwa ga 'yata Falmata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya. Ya karatu, ya zaman baƙunta? Mu nan Gashua lafiya lau, ƙafar babanki ma ta yi sauƙi.

Na ji wai za ki bar karatun zanen gini don Kawu Bukar ya ce aikin maza ne. Ban yarda ba.

Ɗakin da kika zana mana, magini ya ƙi ɗaga harsashinsa da layin bulo uku yadda kika rubuta. Cewa ya yi, "Hajiya, yarinya ce za ta koya min gini?" Na ɗauko kujera na zauna gabansa da takardarki, sai da ya ɗora su. Makon jiya kogi ya yi ambaliya. Ruwa ya shiga kowane ɗaki, amma a bakin naki ya tsaya. Nan muka tsirar da shinkafarmu. Shi kansa Kawu Bukar ɗin, da ya zo daga Nguru, a ciki yake shimfiɗa tabarmarsa.

Ki riƙe salla, ki kama kanki. Kada ki kuskura ki dawo min gida ba takardar shaida.

Ki sa mu a addu'a ruwan ya janye. Ki gaida abokan zamanki.

Mahaifiyarki,
Hajiya Yagana