Salansar Motar Auta

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Ni mahaifiyarku nake rubuta wannan da hannuna, ina cikin hankalina, babu wanda ya tilasta mini. Likita bai ɓoye mini halin da nake ciki ba, ni ma ba zan ɓoye muku ba. Zuwa gare ku, Babba da Auta da 'yar'uwarku.

Na ɗaya. Gado Allah ya riga ya raba shi, ba ni da ta cewa a ciki. Roƙo kawai nake yi: garejin gyaran salansa da mahaifinku ya bari, kada a ja katanga a tsakiyarsa. Ramin da ake shiga ƙarƙashin mota guda ɗaya ne, rabin rami kuwa ba ya amfanar kowa.

Na biyu. Ban san da hakkin kowa a kaina ba, sai jak ɗin ɗaga mota na maƙwabcinmu mai faci, wanda ke ajiye a bayan ƙofa. A mayar masa, a ba shi haƙurin jinkiri. Keken ɗinkina na 'yar'uwarku ne. Na ba ta tun ina da lafiya, a gabanku.

Na uku, kuma shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Tun ranar da hayaƙi ya cika motar Auta har 'yarsa, takwarata, ta suma a kujerar baya, ku biyu ba ku ƙara gaisawa ba. Allah ya tashi kafaɗar yarinyar, tana ta wasanta, amma ku kun ƙi warkewa. Kowa ya kawo mini ƙarar ɗan'uwansa, ga abin da na gani.

Auta, robar da ke riƙe da salansarka ta tsinke, ka ɗaure da waya, wayar ta ci, ka sake ɗaurewa, alhali 'ya'yan mutane kake kaiwa makaranta. Ganda ce, kada ka sake mata suna. Babba, da ya kawo maka motar, haushi ya ɗebe ka, ka kunna walda ka liƙe bututun a jikin mota, kana cewa yanzu ko aljani ba zai ciro shi ba. Inji yana girgiza, ƙarfe yana buɗewa in ya ji zafi, kai kuma ba ka bar masa wurin motsi ba. Sai ya tsage daga wuya, hayaƙin ya bi ta ƙasa ya shiga ciki. Na san tsoron kada salansar ta faɗi a hanya ne ya sa ka yi haka, domin tun Auta yana rarrafe kake binsa da ido. Amma ka san aikin, ka bar fushi ya riƙe maka hannu.

Mahaifinku, Allah ya jiƙansa, in na kai masa abinci nakan tarar da shi a rami, yana kama salansa yana jijjigawa ya ga ko tana lilo a kan robobinta ba tare da ta taɓa jikin mota ba. Yakan ce salansa kamar suruka take, a riƙe ta da mutunci amma kada a matse ta. Nakan haɗe rai don kada in yi dariya a gaban mutane.

Na huɗu. Daga sulusin abin da na bari a sayi robobin ratayar salansa masu kyau. Duk mai ɗaukar fasinja da ya shigo da tasa a ɗaure da waya, a sa masa kyauta, kada a ambaci sunana.

Na tambayi kaina sau da yawa a kan sallaya: sulhunku nake so don Allah, ko kunyar kada masu ta'aziyya su gan ku a tabarma daban-daban? Ban wanke zuciyata ba, Allah ne masaninta. Ko da niyyata ta gauraya, umarninsa game da zumunci bai gauraya ba.

Na biyar. Motar tana nan a ƙofar gidan Auta, ya ƙi kai ta wani gareji don kunya, ya ƙi kawo ta naku don zuciya, iyalinsa kuma da ita suke ci. Ku turo ta kan ramin. Babba ya yanke waldar da hannunsa. Ɗaya ya tallafe bututun, ɗaya ya maƙala robar, domin aikin ba ya yiwuwa da mutum guda. Ban ce sai kun yi dogon bayani ba. Miƙa sifana ma gaisuwa ce. Kada ku jira sai an dawo daga maƙabarta. Ku yi tun ina ji, ku biyo da ita ta bakin tagata, zan gane daga ƙarar injin.

Na yafe muku duniya da lahira, ku ma ku yafe mini. Ku riƙe salla, ku riƙe 'yar'uwarku, ku riƙe juna. Allah ya yi muku albarka, ya sa hannuwanku su zama sanadin isar mutane gida lafiya.

Mahaifiyarku.