Ɗan Farina Ya Ce Ba Na Son Sa

Anti Lami, don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan kai wa kukana.

A Zango nake aure, gidan iyayen mijina. Shi maigidan fataucin dabbobi yake yi ta kan iyakar Kongolam, bai cika zama ba. Ɗan farina shekararsa huɗu, amma ya gagare ni. Ga cizo, ga jifa, in an hana shi abu sai birgima a ƙasa. Malamin Islamiyya ya ce kada a sake kai shi. Maƙwabta da sun hango shi sai su janye 'ya'yansu. An ba shi rubutu, an yi bulalar har an gaji, abin sai gaba yake. Kwanaki ya jefi ƙanwarsa da murfin tukunya, goshinta ya fashe.

A asibitin da aka ɗinke ta ne wata nas ta sa ni ajin da suke koya wa iyaye tarbiyyar yara. Wai a bar duka, a riƙa zama ana wasa da yaro kullum, in ya yi abin kirki a kira sunansa a yaba masa. Anti, ni ban taɓa kiran sunansa ba. Ɗan fari ne, kuma sunan surukina ya ci. Ko ɗaukarsa ba na yi a gaban mutane, haka na ga mahaifiyata ta yi da yayanmu. Rannan na daure na shimfiɗa tabarma muna wasa da marafen kwalba, sai surukata ta fito ta ce lallai kunya ta ƙare a duniya. Na tashi na shige ɗaki, na bar shi zaune yana kallon ƙofa.

Daga baya na ji yana gaya wa kakar tasa wai ni ƙanwarsa jaririya kaɗai nake so. Tun ranar ko abinci ba ya min daɗi. Yaya zan yi?

Uwa cikin damuwa, Zango

'Yata, wasiƙarki ta taɓa min zuciya. Surukarki ba muguwa ba ce, abin da ta gada take karewa. Ita ma nas gaskiya ta faɗa miki, yaron da ba a kula shi sai ya yi ɓarna, ɓarnar zai riƙa yi don a kula shi.

Ki koma ki gaya wa nas halin gidanku, domin darasin ana iya gyara shi ya dace da ke. Ba dole sai sunan yanka ba, ki raɗa masa wani laƙabi naki na kanki. Wasan ma ku yi shi a ɗaki, ko ki zaunar da shi kusa da ke kuna tsince wake. In ya yi daidai, faɗa masa abin da ya yi ɗin, ki shafa kansa. In ya kai duka, ki janye shi gefe ba tsawa har ya huce.

Idan maigida ya dawo, ya yi wa mahaifiyarsa bayani cikin ladabi, ku roƙe ta ta raka ki ajin. Kaka ai al'ada ta ba ta damar wasa da jika, tana iya zame miki babbar mataimakiya. Likita kuma ya duba jinsa da maganarsa.

Da farko rigimar na iya ƙaruwa, kada ki karaya. Ɗan shekara huɗu bai wuce gyara ba. Allah Ya shirya miki shi, Ya sanyaya zuciyarki.

Anti Lami