Jakar Barcin Baiwa

Birnin Kebbi, Disamba 1961

Zuwa ga yayana Arzika, a Argungu.

Gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, kai da matarka Lami da ɗiyarku Kulsumi.

Bayan haka, agana ta ɓulla a ƙauyukan fadama da ke bayan Augie, kuma asibiti za ta tura masu yin lamba. Matan can ba su yarda namiji ya kama musu dantse, shi ya sa na ba da sunana. Shugaban tafiyar, Malam Abdussamadu, ya ce jaki ba ya shiga inda za mu, daga kwalekwale sai ƙafa, kowa da kayansa a ka. Ya kuma ce wanda kaya suka fi ƙarfinsa a gida zai zauna. Ni yake kallo lokacin da ya faɗa.

Abin kwana ne ya tsaya mini. Bargon da ake ba ma'aikata yana da ɗumi, amma in ya sha raɓa sai ya koma kamar ɗanyar fata. Wani Bature da zai koma ƙasarsu ya bar jakar barci ta tamfol, irin wadda mutum ke shiga ciki ya kwanta. Na ɗaga ta, ta kai nauyin akwatin maganin kansa. Sai na yi shawarar a ɗinka mini tawa, a cusa mata audugar rimi, tunda ba ta da nauyi kuma ba ta saurin shan ruwa. Don Allah ka aiko mini da wadda Lami ta tara bara.

Ƙanwarka,
Baiwa

Argungu

Takarda daga hannun Arzika zuwa ga ƙanwata Baiwa. Gaisuwa da yarda da aminci.

An karanta mini takardarki, kuma ban ji daɗi ba. Ni masunci ne, a bakin gulbi na girma, na san ɗarin fadama. Yakan shiga ƙashin ƙato ya kwantar da shi, balle ke da kike fama da ƙirji tun kina ƙarama. Sannan mi mutane za su ce? Ɗiyar gidanmu a daji tare da maza, ta shiga buhu awa shinkafa. Tun da Baba ya rasu ni ne ubanki, kuma ban yarda ba. Ko ƙwaya ɗaya ta auduga ba ni aikowa. Ki gaya wa Malamin ya nemi wata.

Haza wassalam.

Birnin Kebbi

Yaya Arzika,

Ina gaishe ka da girmamawa, kamar kullum.

Babu wata da Malam zai nema. Mu biyu ne mata a wannan aiki, ɗayar kuma tana da goyo.

Da audugar ba ta zo ba, na farke katifata da matasan kaina. Yanzu a tabarma nake kwana. Dikko tela na bakin kasuwa ya ɗinka, ko da yake sai da ya gama dariyarsa. Na sa ya yi waje da kaki mara kauri, ciki da akoko mai laushi. Ɗinkin farko bai yi ba, audugar duk ta gangara ƙafa ta bar ƙirji fayau, sai na sa ya warware ya bi ta da layi-layi yadda kowane gida zai riƙe tasa. Ya tsuke wajen ƙafa, ya yi hula da zariya a wajen kai. Zan haɗa da 'yar tabarma, don sanyin ƙasa ya fi na sama cuta.

Na kai wa Malam Abdussamadu ita a naɗe. Ya ɗaga ta da hannu ɗaya, ya juya, ya tambaya ko na tabbata wannan abu zai tare ɗari. Na ce masa, "Malam, ni zan kwana a ciki, ba kai ba."

Yaya, ban taɓa saɓa maganarka ba sai yau. Na ga yaran da aka kawo mana daga can, wasu idanun sun tafi. Asabar za mu tashi. In ka sa mini albarka na gode, in ka riƙe, zan tafi a haka.

Ƙanwarka,
Baiwa

Tungar Hodi, Janairu 1962

Yaya Arzika,

Gaisuwa. Wani mai kwalekwale zai kawo maka wannan, ka sa a karanta maka nan take.

Jakar ta yi aikinta. Maza biyu sun koma daga hanya da tari, bargunansu sun jiƙe a mashigi. Ni ƙirjina lafiya lau.

Ba wannan ya sa na rubuto ba. Da muka iso Tungar Hodi na tarar da Lami da Kulsumi a gidan uwar Lami. Lami ta ce kai ka kawo su gaisuwar rashin kawunta, ba ka san ciwon ya iso nan ba. Kulsumi ta kamu. Na same ta a bukkar da aka keɓe bayan gari, zazzaɓi na kaɗa ta, iska na shiga ta ko'ina, ba abin rufa sai tsohon zane. Na sa ta cikin jakata na ja zariyar. A ciki ta yi jinyarta. Yanzu ƙurajen sun bushe, tana shan kunu, idanunta biyu garau. Za ta yi zane a fuska, amma tana nan. Na yi wa Lami lamba, ba abin da ya same ta.

Doka ce duk abin da mai agana ya kwanta a kai a ƙone shi. Jiya da hantsi na cinna wa jakar wuta da hannuna.

Malam ya ce tunda ba ni da abin kwana, in bi kwalekwale in koma gida. Na ce masa akwai sauran ƙauyuka a gaba, kuma matansu ba su ga kowa ba tukuna. Na ari gwado wajen surukarka, gobe za mu wuce Tungar Sama'ila. Kada ka aiko a ce in dawo, don ba zan dawo ba sai an gama.

Ƙanwarka,
Baiwa

Argungu

Zuwa ga Baiwa. Gaisuwa.

Takarda ta iso. Gobe da asuba ina tasowa da kwalekwalena. In na ga Kulsumi da idona, zan same ku Tungar Sama'ila. Bargo komi nauyinsa ni ka ɗauka, har ƙauyen ƙarshe. Ban ce na yarda ba. Ki gaya wa Malamin ya aje mini lamba, ba a taɓa yi mini ba.

Yayanki,
Arzika