Inda Muka Binne Baba

Antakiya, lokacin tsinkar zaitun

Zuwa ga ƙanena Hilkiya,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, kai da Shifra da yara, kuma ƙafar nan taka ta daina damunka. Mu dai jikinmu lafiya.

Bayan haka, ka san tun kafin a haife mu Baba yake bin Almasihu, kuma bai taɓa hura wuta ran Asabar ba, don Shari'ar Musa ta hana mu Yahudawa. Ba wanda ya ga laifinsa a taronmu sai da aka naɗa Zosimus, Bahelenen nan marini wanda ba Bayahude ba, ya zama dattijon jama'a.

Wata Lahadi ya karanta mana annabcin Irmiya game da sabon alkawari. Ya ce ma'anarsa Shari'ar Musa ta mutu, Allah ya ƙwace alkawari daga Yahudawa ya ba wasu. Baba ya dafa sanda ya miƙe, ya ce, "Ɗana, sake karantawa a hankali. Da gidan wa aka ce za a ƙulla shi, in ba namu na Yahudawa ba? Me kuma za a rubuta a zuciyar, in ba Shari'ar ba?" Zosimus ya yi murmushi ya ce, "Zauna, tsoho, har yanzu akwai yana a idonka." Mutanen da Baba ya koya wa karatun annabawa suka yi dariya. Da aka zo raba gurasa, aka tsallake shi.

Bai sake komawa ba, bai kuma sake ta da maganar ba. Abinci dai ya daina shigarsa. Hilkiya, Baba ya rasu ran Talatar da ta wuce.

Na je wurin shugabannin majami'ar Yahudawa neman wuri kusa da kabarin Inna. Suka ce wanda ya bi Banazaren nan, wato Almasihu, ba nasu ba ne. Na je wurin Zosimus, ya ce tunda Baba ya zaɓi Musa, mutanen Musa su ɗauke shi. Ni da mijina muka haƙa masa a gonar maƙwabcinmu mai bautar gumaka. Bai tambaye mu komai ba, har diga ya ara mana.

Jiya Zosimus ya aiko, wai ko za mu ba taron littattafan Baba, nasu sun yage. Ka zo ka kwashe su kafin ruwa ya sauka, ni ba na iya buɗe su. Har yanzu ina addu'a da sunan Almasihu, amma ni kaɗai, a ɗaki.

Ka gaida Shifra. Ka gaya wa yara a hankali.

Taka yaya,
Barnike